Gorar Watan Agusta

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini duk abin da ke kaina, ba na jin zan manta da wata Laraba a Gusau da na riƙe makirufo a gaban cikakken ɗakin taro, na tona wa kaina asiri da bakina, da murya mai daɗi kuma. Amma bari in ɗauko muku daga tushe, kada ku ɗauka haka aka haife ni (girman kai ne ya same ni da rana tsaka, kuma alhamdu lillahi ina samun sauƙi).

Ni 'yar Bungudu ce, 'yar manoma gaba da baya. Babban ruwan da na sani ina yarinya shi ne gulbin garinmu, wanda da rani ake tsallake shi ba a naɗe zani ba. Sai ga shi makarantar da nake koyarwa ta ba ni hutun ƙaro ilimi, karatun digiri na biyu ya jefa ni can ƙarshen kudu, bakin teku. Aikin da aka ba ni a wani lungu ne inda teku ya kutso cikin ƙasa, koguna kuma suna zubo masa ruwa daga tudu. A cikin ruwan akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, suna yawo, kifi na ci. Sunansu na boko fitofilankiton, kuma na fi wata guda ina maimaita shi a ɗaki kafin ya zauna a bakina.

Abin da ake so in gano shi ne yadda waɗannan halittu ke sauyawa tsakanin rani da damina. Da rani ruwan gishiri ne ke mulkin wurin, sai ka ga na teku sun cika shi: wasu kamar mataji, wasu kamar faifai, wasu a jere kamar tsakiya, wasu da ƙaho uku. Da damina kuwa koguna ke tumbatsa, su kore gishirin, sai baƙi su sauka. Don haka duk wata sai in shiga kwalekwale (ni da ko a randa ba na son leƙawa da yawa), in ɗebo ruwa gora guda, in ɗiga masa maganin aidin don kada abin da ke ciki ya ruɓe. Aidin ɗin nan yana mai da ruwan launin shayi marar madara. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani a gaba.

Wata goma sha biyu na yi ina wannan, daga Satumba har Agusta. Gorar Agusta ita ce uwa, domin a lokacin ne ruwan sama ya kai maƙura. In babu ita babu cikar shekara, in babu cikar shekara babu digiri, sai dai in jira wani Agustan, hutuna kuwa ba zai kai ba. Ranar da na ɗebo ta ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, takardar da na manna mata ta jiƙe ta ɓalle ta faɗa teku. Na ce a raina ba komai, ai ita kaɗai ce ba ta da suna a jiki, ko a mafarki zan gane ta. Ban sake manna mata wata ba.

Ina gama ɗiba aka shiga yajin aiki, aka rufe jami'a. Farfesan da ke duba aikina ya ce in tafi gida da kayana, in na sami ɗakin gwaji a kusa in fara ƙirga. Haka na iso Bungudu da kwali guda na gorunan roba goma sha biyu, da wasu biyu wofi a jaka, da kan da ya kumbura. Na tura kwalin ƙarƙashin gadon Inna, don ɗakinta na ƙasa ne, ya fi ko'ina sanyi da duhu.

Inna mahaifiyata ce, ni ce 'yarta ta fari. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" nake, ko "ɗiyar ga", in kuma da baƙi sai ta ce "waccan". Ba ta rungume ni, ba ta yabona a gaban mutane, in na dawo daga tafiya sai ta dubi gefe ta ce, "An iso?" Amma a tuwona ake samun tsokar da ta fi girma, a ɓoye a ƙarƙashin miya. Sana'arta koko, kullum da robar gasara a bakin ɗakinta.

Da yamma ta tambaye ni abin da ke cikin gorunan. Ni kuwa na gyara zama na yi mata lacca. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "To, gansakuka ke nan kinka tahi biɗa har bakin duniya? Ga ta nan bayan gida cikin kududduhi, ko buhu kike so a kwaso maki."

Na ce ba gansakuka ba ce. Na bayyana mata yadda ake aikin: a bar gora ta zauna kwanaki ba a taɓa ta ba har halittun su kwanta a ƙasa, a janye ruwan sama a hankali, a ɗebi na ƙasan a ɗiga a gilashi, a sa a madubin da ke ƙara girman abu, a ƙirga.

"Kamar gasara," in ji Inna.

"Inna, kimiyya ce fa," na ce, har da ɗan murmushin tausayi. (Allah ya yafe mini wannan murmushin.)

Cikin mako guda na sami izinin yin aiki a ɗakin gwajin wata kwaleji a Gusau, zan zauna gidan gwaggona. Ranar tafiya da safe ina shan koko, Inna tana juya wani a tukunya, ba ta dube ni ba ta ce, "Na sa Baffanki Liman ya yi maki rubutu. Na zuba a gora guda cikin naki na wohi, na sa maki cikin kwali. Ki riƙa sha kina shahwawa, Allah shi buɗa."

Da na ce na gode na yi shiru, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma ina! Shekara guda ina shaƙar iskar teku. Na ajiye ludayi na fara: wane ruwa aka wanke allon da shi, an tafasa, ta san irin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan rijiya, ta san tawadar da me aka yi ta, kuma ta yaya za a sa mini wani abu cikin kayan bincike ba a tambaye ni ba. Na rufe da cewa, "Don Allah a cire mini shi."

Inna ta sauke tukunya, ta goge hannu a zani, ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar jan kwali. Ko tashi ban yi ba, na ci gaba da shan kokon da ta dama mini da ruwan rijiyar nan da nake zagi. Da mai mashin ya zo na leƙa kwalin na ƙirga murafe, goma sha biyu cif, na ɗaure. Ta rako ni bakin zaure ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Na ga idonta, na yi kamar ban gani ba.

Ku da kuke karantawa na san kun riga kun gano. Gora biyu marasa suna, iri ɗaya, launi ɗaya, a ɗaki mai duhu. Ni mai digiri ɗaya da rabi ban gano ba.

Mai kula da ɗakin gwajin wani dattijo ne, Malam Sanda, mutumin Tsafe. Kullum yana zuwa a motar haya da goro a aljihu da carbi a hannu, kuma tun kafin a haife ni yake goge madubai a wurin nan. Mutum ne mai sanyin magana, in zai faɗi abu sai ya nemi afuwa sau biyu tukuna. Ya ba ni tebur kusa da taga, ya ba ni madubin da ya fi kowane kyau, yana ce mini Hajiya alhali ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba.

Da gorunan suka kwanta, ɗoki ya sa na fara da ta Agusta. Ina buɗe murfin Malam Sanda ya ɗago kai daga inda yake, ya ɗan ja hanci.

"Hajiya, ki gahwarce ni, wagga gora..."

"Ita ce mafi muhimmanci, Malam," na tare shi. "Kada a taɓa ta."

Ya ce to.

Na ɗiga, na leƙa. Babu mataji, babu faifai, babu masu ƙaho. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda na sani. Sai wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule, dubbai, wasu ɗaiɗai, wasu a cure, sun cika gilashin. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce anya. Ni kuwa zuciyata ta buga don murna. Na ce ga shi nan! Ruwan sama ya kore gishiri, na teku duk sun gudu, wata sabuwar halitta ta karɓe lungun. Na duba littattafan da na zo da su shafi-shafi, babu mai kama da ita. Maimakon hakan ya tsorata ni, sai ya ƙara mini kumburi.

Na kira Farfesa. Ya ce in turo hoto. Na ɗauka da waya ta bakin madubi, hoton ya fito kamar an watsa barkono a faranti. Ya ce bai ga komai ba, in bi a hankali, in sake dubawa, kada in gaya wa kowa tukuna. A ranar na gaya wa mutum bakwai.

Mako uku na yi a kan wannan. Na ƙirga sauran gorunan, suka fito yadda ake zato, amma kullum sai na koma wa baƙaƙena. Na auna su, na zana su, na kasa su gida uku. Har na ga wani ɗan siririn abu mai ruwan ƙasa a tsakaninsu, na rubuta cewa wataƙila ƙashin bayan halittar ne. Na raɗa mata suna a asirce, bungudensis, don garinmu ya shiga littafin duniya. Ina kwance ina ganin yadda za a kira ni a rediyo. Bungudu na nan kusa, tafiyar da ba ta kai awa ba, amma ban je ba ko sau ɗaya. Na ce aiki ne ya riƙe ni. Gaskiyar ita ce ina jin nauyin haɗa ido da Inna, kuma ina so in koma mata da abin da zai nuna ni ce da gaskiya.

Sau biyu Malam Sanda ya sake gwadawa. Na farko ya ce, "Hajiya, da za ki sunsuna..." na ce masa ba a sunsunar kayan gwaji. Na biyu ya ce, "Akwai wata 'yar magana, in kin samu sarari," na ce bayan taro. Na kuma lura duk gilashin da na yi aikin Agusta da shi ba ya wanke shi a famfo tare da sauran. Sai ya ɗauraye shi a wani kofi daban, ya fita da ruwan ya zuba a gindin dalbejiyar da ke bakin ƙofa. Na ɗauka tsabar girmama bincikena ne. Har na yaba masa.

Taron kuwa shugaban sashen ne ya shirya, da ya ji labari (daga bakina). Ya ce ɗalibai su zo su ga 'yar jiharsu da ta je teku ta dawo da abin da ba a taɓa gani ba. Ranar Laraba na sha leshi, na ɗaura ɗankwali ya tashi sama. Ɗaki ya cika, malamai a gaba, ɗalibai har bakin taga. Aka haɗa madubi da majigi, aka ajiye gorar Agusta a kan tebur kamar amarya.

Farkon ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na nuna musu na rani, ɗalibai suna ta "kai!" da suka ga mai ƙaho uku a bango ya kai girman akuya. Na nuna yadda suke raguwa da aka shiga Yuni da Yuli. Sannan na sassauta murya na ce yanzu za su ga abin da idon ɗan Adam bai taɓa gani ba. Na ɗiga Agusta. Baƙaƙena suka bazu a bango. Na ɗauki sanda ina nunawa, ga manya, ga ƙanana, ga ƙashin baya. Na faɗi sunan da na raɗa, aka yi tafi.

Shugaban sashe ya ce masu tambaya su rubuto a takarda. Tun kafin ya rufe baki na ga wata 'yar takarda a ninke tana tahowa hannu da hannu daga can baya. Na karɓa da fara'a. Na ce, "Ma sha Allah, har ga tambaya ta farko, da Hausa ma aka rubuto ta." Na kai makirufo baki, na buɗe, na karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma, ba tare da idona ya riga bakina ba:

"Hajiya, ki yi haƙuri, ki gafarce ni. Abin da ke cikin gorar nan rubutun sha ne. Baƙin tawada ce, siririn kuma sartsen allo ne. Kada ki karanta wannan a fili, ki rufe taron a hankali. Sanda."

Na kai har "Sanda". Har sunan na karanta.

Sai wata ɗaliba a layi na biyu ta ce a hankali, "La ilaha illallahu." Shi ke nan aka fashe. Wani malami ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Ɗalibai na riƙe ciki. Shugaban sashe ya ɗauki gorar ya buɗe ya sunsuna, ya rufe ido ya ce, "Wallahi har da ƙanshin ƙaro." Can baya na hango Malam Sanda ya dafe kai da hannu biyu, kamar shi ya yi abin kunyar. Ni kuwa ina tsaye da sanda a hannu, ɗankwali a sama, tawadar Baffa Liman ta cika bango a bayana. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina a gindin dalbejiyar nan, Malam Sanda ya biyo ni da gorar a hannu, ya riƙe ta da ladabi.

"Na so in hwaɗa maki tun ranar hwarko," ya ce. "Mahaihina rubutu shikai, da wankin allo nit tashi. Ko cikin barci na san ƙanshinai. Shi ya sa ban zuba shi ga kwata."

Na ce, "Malam, ni ce ban bari ka faɗa ba."

"Ba komi. Amma Hajiya, in wanga rubutu na, ina ruwan naki?"

Sai a lokacin abin ya dake ni. Kunyar ta gudu, tsoro ya maye gurbinta. Gorar Agusta tana hannun Inna mako uku, tana ɗaukarta rubutu. Ko ta zubar, shekarata ta bi ƙasa. Ko ta sha, ruwan teku da aidin, a cikin tsohuwar da na bari da ɓacin rai. Na fizgi gorar na yi tasha da leshina.

La'asar ta yi na shiga gida. Inna na tsakar gida tana sheƙe sabon gero, lafiyarta lau. Ta dubi gefe ta ce, "An iso?"

"Inna, gorar nan da kika cire, tana ina? Kin sha?"

"Mi ya hwaru?"

"Don Allah kin sha?"

"Sau guda nil lasa," ta ce. "Nij ji ɗaci-ɗaci, nic ce Liman ya sake tawada. Ban ƙara ba."

Na zauna a kan turmi. Na ce, "To kin zubar?"

Ta dube ni kai tsaye, abin da ba ta cika yi ba. "A zubda ayar Allah? Ke kam boko ya gama da ke."

Ta shiga ɗaki ta fito da ita, ta riƙo ta da hannu biyu a tsaye, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da fitila a iska. Ruwan ya ragu, saura kamar kashi ɗaya cikin uku. Na ji hawaye ya taho. Na ce, "Ina sauran?"

"Tunda kinka ƙi, nic ce ba ya tashi banza. Kullum in na yi asuba sai in tsiyaya kaɗan ga hannu in shahwa ga huska, in yi roƙo."

"Roƙon me?"

Ta koma kan faifanta. "Allah ya san wadda nike nuhi."

Na ɗaga gorar a hasken rana. A can ƙasa ga wani siririn kwanto mai ruwan ƙasa, lif, ko motsi bai yi ba. Na ce, "Inna, kin taɓa girgiza ta?"

"A'a. Ai ƙarhin rubutu ga ƙasa shike kwantawa. Na sama nike tsiyayewa sannu, kamar ruwan gasara. Na ƙasan naki na, nic ce ko wata rana kin sake shawara."

A nan na fashe da kuka, irin mai majina, a kan turmi, cikin leshi. Abin da zan yi a ɗakin gwaji da roba da ƙa'ida da taka-tsantsan, shi Inna ta yi mini da hannun da ya shekara talatin yana tsiyayar gasara, ba ta zubar da ko ƙwaya ba. Na yi mata rashin kunya a kan abin da ta ba ni, ita kuma ta kwashe mako uku tana shafa ruwan tekuna a fuska tana roƙa mini buɗi, tana adana mini mai kaurin. Ban taɓa jin ina son wani mahaluki kamar yadda na so ta a wannan la'asar ba, kuma ban taɓa jin na ƙanƙance haka ba.

Na ba ta labarin taron duka, har da ƙashin baya. Ta yi ƙoƙari ta daure, ta rufe baki da gefen mayafi, amma da na kai wurin takardar Malam Sanda sai da ta saki faifai. Ta yi dariya har tana share ido. "Har sunan kinka karanta?" Na ce har sunan. Ta ce, "Wayyo ɗiyar ga." Ta miƙo hannu ta gyara mini ɗankwalin da ya karkace, ta yi saurin janyewa kamar ta taɓa wuta.

Na ɗauko gorar rubutun na buɗe. Ta ce, "Ina ƙwarin cutar?" Na ce mako uku ina bincikensa da madubin da ya fi kowane kyau a Gusau, ban ga abu mai motsi ko ɗaya ba, babu rubutun da aka taɓa tantancewa kamar wannan a duk ƙasar Zamfara. Na kai baki. Ta ce, "Girgiza shi tukuna." Na girgiza, na kurɓa, na shafa saura a fuska. Ya yi tsami, amma na haɗiye.

Washegari na koma Gusau da gorar gaskiya a cinyata, na hana kowa matsa ni a mota. Shiga kwalejin nan sai da na yi ta maza, don tun daga bakin ƙofa wani ɗalibi ya gaishe ni da "Sannu Hajiya bungudensis." Malam Sanda ya goge mini gilashi ya miƙo. Na ɗiga, na leƙa, sannan na matsa gefe na ce ya duba shi ma, ya kuma sunsuna in yana so.

Suna nan, cike da gilashi. Na teku sun ragu ƙwarai, waɗanda suka mamaye wurin na ruwan daɗi ne da koguna suka kwaso, wasu kamar zare, wasu kamar tauraro, wasu a jere huɗu-huɗu. Babu sabuwar halitta ko ɗaya, duk suna cikin littafi. Daga baya don neman tsokana na ɗebo ruwan kududdufin bayan gidanmu na duba, na tarar da danginsu a ciki suna harkarsu. Gansakukar Inna dai. Ban gaya mata wannan da wuri ba, sai da na bari kunyar farko ta ɗan huce.

Na gaya wa Farfesa gaskiya duka. Ya yi shiru a waya har na ɗauka layi ya yanke, ashe dariya yake. Ya ce tunda na san yawan ruwan da na ɗebo tun farko, kuma kwanton bai tashi ba, zai karɓa, amma in rubuta yadda aka yi. Don haka a kundin digirina, a babin hanyar aiki, akwai layin da ya ce samfurin watan Agusta an janye ruwan samansa a hankali, kaɗan-kaɗan, cikin mako uku. Ban rubuta da wane hannu ba, ban kuma rubuta da wace niyya ba, babu gurbin wannan a fom ɗinsu.

Yanzu na koma aji ina koyarwa, kuma ɗalibaina sun san dokokina. Kowace gora a rubuta mata suna a jiki da abin da ruwa ba ya wankewa. Kowace takarda aka miƙo maka a taro, ka karanta a zuci kafin ka kai baki. In dattijo ya ce maka "ka gafarce ni, akwai wata 'yar magana," ka ajiye abin da ke hannunka. Ta ƙarshen ba na faɗa musu, tawa ce ni kaɗai: duk abin da Inna ta sa mini a kaya, ko dutse ne, na gode kawai nake cewa. Har yau ba ta kira sunana ba. Na daina jira, tunda na ga inda take kai shi kullum da asuba.